Abin da Aka Rubuta da Abin da Ke Cikin Kwalba: Nazarin Aminci, Sahihancin Bayani da Dokokin Kayan CBD da Ake Sayarwa Ba da Takardar Likita Ba

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci kayan da ke ɗauke da sinadarin kanabidiyol, wanda aka fi sani da CBD, waɗanda ake sayarwa a kantuna da intanet ba tare da takardar likita ba, musamman a Amurka da Turai inda kasuwarsu ta fi ƙarfi. An duba abubuwa uku: abin da binciken likitanci ya tabbatar game da illar sinadarin, dacewar rubutun jikin kwalba da abin da ke cikinta, da matsayin da hukumomi suka ɗauka. An gano cewa illar CBD ta ta'allaƙa ne ga yawan abin da aka sha, kuma a manyan gwaje-gwajen da aka yi daga 2017 zuwa 2022, kayan da rubutunsu ya faɗi gaskiya ba su kai rabi ba. Maƙalar ta tafi a kan cewa duk iyakar da hukuma za ta gindaya ba za ta kare kowa ba muddin ba a tilasta wa masu sarrafawa gaskiyar awo ba, don haka daga nan ya kamata doka ta fara.

1.0 Gabatarwa

A 'yan shekarun nan, wanda ya shiga kantin magani ko shagon gidan mai a Amurka, ko kantin kayan gina jiki a Landan, da wuya ya fito bai ga haruffan CBD a jikin wani abu ba. Akwai man da ake ɗigawa a ƙarƙashin harshe, akwai alawa, gahawa, man shafawa, ruwan sigarin lantarki, har da abincin karnuka. Masu talla suna jingina masa maganin ciwon gaɓoɓi, rashin barci, fargaba da damuwa. Wasu ba sa tsayawa nan, sai sun kai ga ciwon daji da cutar mantuwa. Mai saye ba ya buƙatar ganin likita, kuɗinsa kawai zai miƙa a ba shi.

Muhawarar da ake yi a kan waɗannan kaya ta rabu gida biyu. Masu sayarwa suna kafa hujja da rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2018, wanda ya ce ba a ga alamar CBD yana bugarwa ko yana kama jiki ba, kuma galibi jiki yana ɗaukarsa ba tare da wahala ba. Hukumomin kula da abinci da magunguna kuwa suna nuni da illarsa ga hanta da yadda yake karo da wasu magunguna. Kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar, sai dai dukkansu suna magana ne kamar an san yawan sinadarin da mai saye yake sha. Wannan maƙala za ta nuna cewa a mafi yawan lokuta ba a sani ba, kuma a nan gizo yake saƙar.

1.1 Hanyar Gudanar da Nazari

An dogara ga bayanan da aka riga aka wallafa: gwaje-gwajen asibiti da aka yi wa maganin farfaɗiya na CBD mai suna Epidiolex, binciken ɗakunan gwaje-gwaje a kan kayan da aka sayo daga kasuwa, sanarwar hukumomi, da hukunce-hukuncen kotu. An taƙaita ga kayan da mutane ke saye da kansu. Tabar wiwi da ake sha don maye, da wadda likita ke rubutawa a wasu ƙasashe, ba su shiga cikin nazarin ba, sai inda bayani ya tilasta.

2.0 Asalin CBD da Tashin Kasuwarsa

CBD ɗaya ne daga cikin sinadarai fiye da ɗari na dangi guda da ake samu a shukar wiwi. Roger Adams na Jami'ar Illinois ne ya fara ware shi a 1940, sannan a 1963 Raphael Mechoulam da abokin aikinsa a Isra'ila suka fayyace tsarinsa. A 1964 ɗakin binciken Mechoulam ya ware THC, wato sinadarin da ke sa maye. CBD ba ya bugarwa, kuma wannan bambanci ne jarin kasuwarsa.

Abubuwa uku ne suka ɗaga wannan kasuwa. Na farko shi ne shirin da tashar CNN ta nuna a 2013 a kan wata yarinya a jihar Colorado mai fama da nau'in farfaɗiya mai tsanani da ake kira Dravet, wadda faɗuwarta ta ragu ƙwarai bayan an fara ba ta man wiwi mai yawan CBD. Na biyu, a watan Yunin 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da Epidiolex, tataccen CBD na kamfanin GW Pharmaceuticals, don maganin farfaɗiyar Dravet da ta Lennox-Gastaut. A 2020 aka ƙara cuta ta uku. Na uku, a watan Disamban 2018 aka sa hannu a dokar noma ta Amurka wadda ta cire wiwin masana'antu daga jerin miyagun ƙwayoyi, ta kuma fassara shi da cewa shi ne wiwin da THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari na busasshen nauyi ba.

Wannan adadi na 0.3 yana da tarihi. Masana tsirrai biyu, Ernest Small da Arthur Cronquist, su ne suka kawo shi a 1976 don rarrabe ire-iren shukar wiwi. An yi shi ne don ganyen shuka a gona, ba a yi shi da nufin auna abin da mutum zai haɗiya ba. Za a ga illar aro shi a sashe na 4.2.

3.0 Abin da Bincike Ya Tabbatar Game da Aminci

3.1 Yawan da aka gwada

Hujja mafi ƙarfi a kan amfanin CBD ta fito ne daga gwajin farfaɗiya. A binciken da Devinsky da abokan aikinsa suka wallafa a 2017, an raba yara da matasa 120 masu cutar Dravet gida biyu. Waɗanda aka bai wa CBD, faɗuwarsu ta sauko daga kimanin sau 12.4 a wata zuwa 5.9, waɗanda aka bai wa holoƙon magani kuwa daga 14.9 zuwa 14.1. Abin lura shi ne yawan da aka ba su: miligiram 20 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana. Yaro mai kilo 25 ke nan yana shan miligiram 500 kullum. Alawar CBD ta kanti galibi tana ɗauke da miligiram 10 zuwa 25. Saboda haka mai tallan da ya jingina alawarsa ga nasarar Epidiolex ya ari hujjar da ba tasa ba. Bayan waɗancan cututtuka uku, FDA ba ta amince da CBD a matsayin maganin komai ba.

3.2 Hanta

A gwaje-gwajen Epidiolex, kashi 13 cikin ɗari na waɗanda suka sha maganin sun sami hauhawar sinadarin ALT, wanda ke nuna hanta tana jin jiki, har ya ninka iyakar lafiya fiye da sau uku. A rukunin holoƙo kashi 1 ne kawai. Hauhawar ta fi yawa ga masu shan babban awo da masu haɗawa da maganin farfaɗiya na valproate. Shi ya sa ake gwada jinin majinyaci kafin a fara ba shi maganin, a kuma riƙa maimaitawa.

An daɗe ana cewa wannan matsala ta marasa lafiya ce masu shan magunguna barkatai. Gwajin da masana na FDA suka wallafa a 2025 ya raunana wannan zato. An ɗauki manya lafiyayyu 201, aka bai wa mafi yawansu miligiram 5 ga kowane kilo a rana har kwana 28, wato kimanin miligiram 350 ga mai nauyin kilo 70. Kashi 5.6 cikin ɗari na masu shan CBD sun sami irin waccan hauhawa, ba a sami ko ɗaya a rukunin holoƙo ba. Sinadarin ya koma daidai bayan an daina sha. Haɗarin a nan shi ne ba lalle mutum ya ji komai a jikinsa ba, kuma wanda ya sayi kwalba a kanti babu mai gwada jininsa.

3.3 Karo da wasu magunguna

Hanta tana narka CBD da sinadaran da take narka magunguna da yawa da su, shi kuma yana rage wa wasu daga cikinsu ƙarfi, sai maganin da aka sha tare da shi ya taru a jini. An tabbatar da haka ga maganin farfaɗiya na clobazam, inda abin da yake rikiɗewa ya zama a jiki yake ninkawa kusan sau uku, majinyaci ya yi ta gyangyaɗi. An kuma sami rahotannin asibiti a kan warfarin, maganin hana daskarewar jini, da tacrolimus da ake bai wa waɗanda aka yi wa dashen ƙoda. Waɗanda tallan ciwon gaɓoɓi da rashin barci ya fi jawowa su ne dattawa, kuma su ne suka fi kowa shan magunguna iri-iri. Sauran illolin da aka sani sun haɗa da kasala, gudawa da rashin son abinci. Gwajin dabbobi ya nuna illa ga 'ya'yan maraina da ɗan tayi, shi ya sa hukumomin Amurka da Birtaniya suka gargaɗi masu ciki da masu shayarwa.

Akwai kuma batun abinci. Idan aka sha CBD bayan abinci mai maiƙo, abin da ke shiga jini yakan ninka kusan sau huɗu a kan wanda aka sha da yunwa. Duk waɗannan bayanai sun nuna cewa tambayar ko CBD yana da illa ba ta da amsa sai an faɗi nawa aka sha, wa ya sha, kuma tare da me.

4.0 Sahihancin Rubutun Jikin Kwalba

4.1 Alƙaluman gwaji

A 2017, Bonn-Miller da abokan aikinsa suka sayi kayan CBD 84 na kamfanoni 31 ta intanet, suka kai ɗakin gwaji. Ma'aunin da suka yi amfani da shi shi ne, idan abin da ke ciki bai yi sama ko ƙasa da abin da aka rubuta da fiye da kashi 10 cikin ɗari ba, rubutun ya yi daidai. Kashi 31 ne kawai suka haye. Kashi 43 sun ƙunshi CBD fiye da yadda aka rubuta, kashi 26 kuma ƙasa da haka. Ruwan sigarin lantarki ya fi kowanne ɓaci.

A 2020 FDA ta miƙa wa Majalisar Dokokin Amurka sakamakon gwajin kaya 147. Daga cikin 102 da suka rubuta yawan CBD, kashi 45 ne suka yi daidai, alhali an sassauta ma'aunin zuwa kashi 20 sama ko ƙasa. Kashi 37 sun zarce, kashi 18 sun gaza. A 2022 Spindle da abokan aikinsa na Jami'ar Johns Hopkins suka gwada man shafawa 105. Daga cikin 89 masu adadi a rubuce, kashi 24 ne suka dace. A Birtaniya ma, gwajin da aka yi wa kusan kaya talatin a 2019 ya nuna kashi 38 ne suka dace, har aka sami kwalbar da aka saya da tsada a kantin magani babu ɗigon CBD a cikinta.

Waɗannan bincike suna da iyakarsu. Samfuran ba su da yawa, galibi kwalba ɗaya aka gwada daga kowane kamfani, kuma ma'aunin dacewa ya bambanta. Duk da haka, masu bincike daban-daban, a ƙasashe biyu, cikin shekara biyar, sun tarar da abu ɗaya. Wani abin da ya kamata a tsaya a kansa shi ne, a binciken Amurka guda uku, zarcewa ta fi gazawa yawa. Da algus ne kawai, da ragi za a fi gani, tunda babu ɗan kasuwar da zai ƙara wa mai saye kaya kyauta da gangan. Zarcewar tana nuna cewa masu sarrafawa da yawa su kansu ba su san abin da suka zuba ba.

4.2 THC da ba a ambata ba

An sami THC a kashi 21 cikin ɗari na kayan Bonn-Miller, a kusan rabin na FDA, da kashi 35 na man shafawar Spindle, ciki har da waɗanda aka rubuta a jikinsu cewa babu shi. Ko kayan da bai karya dokar noma ta 2018 ba yana iya ɗaukar THC mai yawa, saboda iyakar 0.3 ta nauyi ce. Kwalbar mai ta mililita 30 tana da nauyin kimanin giram 28, kashi 0.3 nata ya kai miligiram 84 ke nan. A jihohin Colorado da Kalifoniya, inda aka halatta wiwi, miligiram 10 ne ake lissafawa a matsayin sha ɗaya. Alawa mai nauyin giram 4 za ta iya ɗaukar miligiram 12 ba ta ƙetare iyaka ba.

Shari'ar Douglas Horn ta nuna abin da wannan ke jawowa. Horn direban babbar mota ne a Amurka wanda ya yi haɗari a 2012, ya rage yana fama da ciwon baya da kafaɗa. Kamar yadda ya shaida wa kotu, ya sayi wani man CBD mai suna Dixie X bayan ya ga an tallata shi da cewa babu THC ko kaɗan a ciki, domin ya san aikinsa yana buƙatar gwajin ƙwaya. Da aka yi masa gwajin ba-zata, sai aka ga THC a jikinsa, aka sallame shi. Ya sake sayen wata kwalba ya aika ɗakin gwaji, aka ga THC a cikinta. Ƙarar da ya shigar ta kai har Kotun Ƙolin Amurka, wadda a watan Afrilun 2025 alƙalanta biyar cikin tara suka ce yana da damar neman diyyar asarar aikinsa a ƙarƙashin wata doka mai suna RICO. Kotun ba ta yanke cewa kamfanin ya yi laifi ba, ƙofar shari'a kawai ta buɗe masa, kusan shekara goma sha uku bayan ya rasa aikin. 'Yan wasa ma suna cikin wannan haɗari, domin hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta cire CBD daga jerin haramtattu a 2018, amma ta bar THC.

4.3 Jabu da gurɓata

Daga ƙarshen 2017 zuwa farkon 2018, mutum 52 a jihar Utah sun kamu da ruɗewa, amai da jijjiga bayan sun sha abin da suka ɗauka CBD ne, 31 daga cikinsu sai da aka kai su sashen gaggawa. Da aka gwada samfura tara, ba a sami CBD ba, sai wani sinadarin wiwin roba mai suna 4-CCB. Mafi yawan kwalaben suna ɗauke da sunan Yolo, babu sunan kamfani, babu jerin abin da aka haɗa. Ban da jabu, shukar wiwi tana zuƙar ƙarafa masu guba irin su dalma daga ƙasar da aka shuka ta, kuma tacewa tana iya tattara su tare da ragowar maganin ƙwari.

4.4 Dalilan saɓanin

Dalilan suna da yawa. Kamfanoni da dama ba su da masana'anta, suna sayen mai ne a wurin dillali su manna sunansu. CBD ba ya narkewa a ruwa, idan ba a gauraya da kyau ba sai wata alawar ta fi wata ƙarfi a zubi ɗaya. Zafi da haske suna rage shi idan ya daɗe a kanta. Takardar shaidar gwaji da ake nunawa sau da yawa ta wani tsohon zubi ce, kuma kamfani ne ke zaɓen ɗakin gwajin ya biya shi. Akwai kuma wasa da hankali a rubutu: a rubuta miligiram 1000 da manyan haruffa, alhali nauyin dukkan abin da aka tatso daga shukar ake nufi, ko a sayar da man ƙwayar irin wiwi, wanda kusan babu CBD a cikinsa, da hoton ganye a jiki.

5.0 Matsayin Dokoki

5.1 Amurka

Matsayin Amurka tufka da warwara ne. Dokar noma ta halatta shukar, amma dokar abinci da magunguna ta hana a sa wani sinadari cikin abinci ko kayan gina jiki idan an riga an amince da shi a matsayin magani. Tunda Epidiolex ya riga ya samu amincewa, FDA ta ce sayar da CBD a abinci ya saɓa wa doka. Sai dai ba ta kwashe kayan daga kasuwa ba. Ta fi mayar da hankali ga aika wasiƙun gargaɗi ga masu iƙirarin warkar da manyan cututtuka, kamar kamfanoni 15 da ta rubuta wa a rana ɗaya a Nuwamban 2019. A Disamban 2020 hukumar kare masu saye ta FTC ta ɗauki mataki a kan kamfanoni shida saboda tallan ƙarya. A Janairun 2023 FDA ta fito fili ta ce dokokin da take da su ba su dace da CBD ba, sai Majalisa ta yi sabuwa.

Sakamakon wannan hali shi ne, tunda hukuma ba ta yarda kayan halattattu ne ba, ba ta shimfiɗa musu ƙa'idar awo da rubutu ba, tunda kuma ba ta hana su a aikace ba, sai 'yan kasuwa suka ci karensu babu babbaka. Jihohi suka shiga yin nasu dokokin, kowace da irin tata. Ta wannan kafa ce delta-8 ya ɓullo, wani nau'in THC mai bugarwa da ake sarrafawa daga CBD. A Nuwamban 2025 Majalisa ta sake fassara wiwin masana'antu, ta sa iyakar miligiram 0.4 na THC a kowane mazubi, da wa'adin shekara guda kafin ta fara aiki. Wannan ya mayar da awon daga kaso zuwa miligiram, amma THC ya shafa, bai taɓa gaskiyar yawan CBD ba.

5.2 Turai da Birtaniya

A 2019 Tarayyar Turai ta sa CBD a jerin sababbin abinci da sai an tantance kafin a sayar. A Nuwamban 2020 kotun Tarayyar, a shari'ar Kanavape da ta taso daga Faransa, ta ce CBD ba ƙwayar maye ba ce. A 2022 hukumar kiyaye lafiyar abinci ta Turai ta dakatar da tantancewa saboda ƙarancin bayanai a kan hanta, hanji da haihuwa. Birtaniya ta buƙaci kamfanoni su miƙa takardun neman izini, ta fitar da jerin kaya kimanin 12,000 da aka bari a kasuwa kafin a gama dubawa. A 2020 ta ba da shawarar kada baligi ya wuce miligiram 70 a rana, a Oktoban 2023 ta sauko da shi zuwa 10.

A nan ne matsalar rubutu take cin karo da doka. Kwalbar mililita 30 da aka rubuta wa miligiram 1000 tana da kimanin 33 a kowace mililita, miligiram 10 bai wuce ɗigo shida ba ke nan. Idan abin da ke ciki ya zarce rubutun da rabi, mai bin shawara sau da ƙafa ya wuce iyaka bai sani ba. Tamkar a ce hukuma ta ƙayyade farashin mudun gero ne a kasuwar da kowane mai awo ya zo da nasa mudun.

5.3 Sauran ƙasashe

Kanada tana ɗaukar CBD a matsayin wiwi tun dokarta ta 2018, sai a shagunan da ke da lasisi ake sayar da shi, tare da tilasta gwaji da ƙa'idar rubutu. Ostireliya ta yarda daga 2021 masanin haɗa magunguna ya sayar da abin da bai wuce miligiram 150 a rana ba, da sharaɗin a yi wa kayan rajista bisa hujjar amfani, sai aka shafe shekaru ba a sami wanda ya cika sharaɗin ba. Afirka ta Kudu ta yarda da miligiram 20 a rana da 600 a kowane ƙunshi. Hong Kong ta haramta shi baki ɗaya daga Fabrairun 2023, da hukuncin ɗaurin da zai iya kai shekara bakwai ga wanda aka kama da shi. Daga cikin dalilanta akwai wahalar raba shi da THC.

6.0 Abin da Ya Shafi Yankinmu

A Nijeriya, dokar tabar wiwi ta 1966 ta haɗa dukkan shukar da abin da aka sarrafa daga ƙaronta, ba ta ware wiwin masana'antu ba, kuma hukumar NDLEA ce ke aiwatar da haramcin. Gana ta buɗe ƙofar noman mai kashi 0.3 a dokarta ta 2020, Kotun Ƙoli ta soke sashen a 2022, majalisa ta mayar da shi a 2023. Tallan intanet kuwa bai san iyakar ƙasa ba. Haɗarin ya fi kusa da mutum biyu. Na farko iyayen yaro mai farfaɗiya, waɗanda za su iya ajiye maganin asibiti su koma ga kwalbar da ba a san abin da ke cikinta ba, alhali dakatar da maganin farfaɗiya farat ɗaya yana iya jawo faɗuwa mai kisa. Na biyu matafiyi, ɗan kasuwa ko ɗalibi, da zai sayi mai a Landan bisa halacci ya sauka da shi a Dubai ko Hong Kong, inda rubutun jikin kwalba ba zai cece shi ba.

7.0 Shawarwari

Na ɗaya, ƙasar da ta bar kayan CBD a kasuwa ta tilasta a rubuta yawan CBD da na THC da miligiram, na kowane sha da na dukkan mazubi, tare da kuskuren da bai wuce kashi 10 cikin ɗari ba.

Na biyu, a gwada kowane zubi a ɗakin gwajin da hukuma ta amince da shi, lambar zubin ta kasance a jikin kwalba da takardar shaida.

Na uku, hukuma ta riƙa sayen kaya daga kanti a ɓoye tana gwadawa, ta wallafa sakamakon da sunan kamfani, ta janye wanda ya faɗi. Masu cewa tsadar wannan za ta kashe ƙananan kamfanoni suna da hujja, amma gwajin awo ya fi gwajin asibiti sauƙi nesa ba kusa ba, kuma kamfanin kirki ne zai fi cin moriyarsa.

Na huɗu, a rubuta gargaɗi ƙarara ga masu ciki, masu shayarwa, yara, masu ciwon hanta da masu shan wasu magunguna, a kuma hana iƙirarin warkar da cuta.

Na biyar, likitoci da masana haɗa magunguna su riƙa tambayar majinyaci kai tsaye ko yana shan CBD, domin da yawa ba sa lissafa shi cikin magani.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa CBD sinadari ne mai aiki a jiki, yana da amfani tabbatacce a cututtuka uku, yana kuma da illar da ke ƙaruwa da yawan sha. Ta nuna cewa fiye da rabin kayan da aka gwada a kasuwa ba su dace da rubutunsu ba, kuma ƙasashe sun sa iyakoki daga miligiram 10 zuwa 150 a rana. Masana za su ci gaba da jayayya a kan wace iyaka ce daidai, kuma warware wannan zai ɗauki shekaru na bincike. Tabbatar da abin da ke cikin kwalba kuwa aiki ne da ɗakin gwaji ke gamawa cikin kwanaki da na'urorin da ake da su a yau. Hukumar da ta jinkirta na biyun har sai an gama na farkon ta bar mai saye yana shaci-faɗi da lafiyarsa, kuma ta hana masu bincike sanin ainihin abin da jama'a ke sha.